Minti nawa ya kamata mutum ya yi a hanya kafin ya kai wurin aiki a Yamai?

Tafiyar minti nawa ce ta dace tsakanin gida da wurin aiki kullum, kuma daga ina ne za a ce ta yi yawa? Wannan gardama ba ta ƙarewa a fada da gurup-gurup na WhatsApp, musamman in wani ya samu parsel a bayan gari yana shawarar ya gina ya tare, ko an yi wa wani canjin wurin aiki daga wannan gefen kogi zuwa wancan. Wasu su ce kai dai ka gode Allah da ka samu aikin, ko Kollo ne ka tashi da asuba ka tafi, wasu kuma su ce duk abin da ya wuce minti 20 azaba ce. Abin da ya sa ba a daidaitawa shi ne kowa da abin da yake aunawa, wani kilomita yake ƙirgawa, wani kuɗin esans, wani kuma gajiyar da yake kwana da ita.

Kilomita ba ita ce ma'auni ba

Abu na farko da ya kamata a gyara shi ne ma'anar "nisa". In ka tambayi mutum gidanka da nisa daga buro, sai ya ce a'a kilomita 8 ne kawai. To amma kilomita 8 a kan wace hanya, da ƙarfe nawa, a cikin me? Ma'aunin gaskiya shi ne daga lokacin da ka rufe ƙofar gida zuwa lokacin da ka zauna kan aikinka. Cikin wannan akwai takawa daga gida zuwa bakin gudro ga wanda ba ya da abin hawa, akwai tsayuwa jiran taksi, akwai sauke yara lekol, akwai rairayin unguwa da moto ke ta kaiwa da kawowa a ciki kafin a hau kwalta, sannan ga cunkoso.

Duk wanda ke shiga taksi a Yamai ya san yadda abin yake. Ka tsaya bakin hanya ka ɗaga hannu, mai taksi ya rage gudu ya leƙo, ka faɗi unguwar da za ka, ko amsa ba zai ba ka ba sai ya taka ya wuce don ba can mutanen cikin motar suka nufa ba. Na biyu haka, na uku haka, na huɗu ya ce "Malam can kurs biyu ne", ka shiga, sannan ya bi ta wata unguwa ya sauke wata Hajiya da kayan cefanenta kafin ya juyo da kai. Wannan duk lokacin hanya ne, ko da taswirar waya ta nuna maka minti 15.

Shi ya sa za ka ga abin mamaki, wanda ke fitowa daga wajen Hamdallaye, kusan kilomita 30 a kan hanyar Filinge, da motarsa, wani lokaci bai fi wanda ke cikin gari daɗewa a hanya ba, in shi na cikin garin sai ya canza taksi biyu ya kuma tsallake gada. Kuma kar a auna da ranar Asabar ko ranar da hanya ta yi daɗi. A auna da safiyar Litinin lokacin da makarantu suke buɗe, a kuma auna da ranar da aka kwana ana ruwa. Sannan a ƙirga sau nawa ake yin tafiyar, don mai komawa gida cin abincin rana ko ɗauko yara tafiya huɗu yake yi ba biyu ba.

Abin da masu bincike suka gano

Ba mu kaɗai ke wannan tambaya ba. A 1994 wani masani ɗan Italiya mai suna Cesare Marchetti ya fito da bayanin cewa a wurare da zamunna daban-daban, ɗan Adam yana kashe kusan awa 1 ne a rana wajen zirga-zirga, wato wajen minti 30 zuwa, minti 30 dawowa. In abin hawa ya ƙara sauri, mutane ba sa rage lokacin, sai dai su ƙara matsawa nesa, gari ya ƙara faɗi. A Amurka ƙididdigar hukuma ta 2019 ta nuna matsakaicin tafiya zuwa aiki minti 27.6 ne, kuma can in tafiyar zuwa kaɗai ta kai minti 90 suna sa ta cikin wadda ta wuce kima.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne binciken wasu masana tattalin arziki biyu na ƙasar Suwis, Alois Stutzer da Bruno Frey, da ya fito a 2008 bisa bayanan mutanen Jamus. A hankalce mutum ba zai yarda da doguwar tafiya ba sai in akwai abin da ya samu a madadinta, ko albashi mai kyau ko gida mai araha. Amma sai suka tarar masu doguwar tafiya duk da haka sun fi sauran ƙarancin jin daɗin rayuwarsu, ma'ana abin da suka samu bai biya abin da suka rasa ba. Mutum yana ganin girman gida da idonsa ranar da zai yanke shawara, amma gajiyar kullum ba ya ganinta sai ya shiga ciki.

Sai dai mu tuna alƙaluman Amurka da Jamus ɗin nan yawanci na mutanen da ke zaune cikin jirgin ƙasa ne ko mota mai sanyi. Awa 1 a kan moto a watan Afrilu ko Mayu, zafi ya haura digiri 40, hayaƙin manyan motoci na shiga hanci, ko lokacin hunturu da ƙura, ba ɗaya ba ne da awa 1 ta Bajamushe. In za a gyara ma'aunin don ya dace da mu, ragewa za a yi ba ƙarawa ba.

Me ya sa hanya ke ƙara tsawo a Yamai

Garin ne ya yi faɗi. A ƙidayar 2012 mutanen Yamai sun ɗan haura miliyan 1, kuma tun lokacin ƙaruwa ake. Mu kuma ba sama muke gini ba, kowa so yake ya samu filinsa ya zagaye da katanga, don haka duk lotisma sabo sai ya ƙara tura gari gaba, wajen Koira Tegui, Tchangarey, Bassora, Niamey 2000, Saguia, bayan filin jirgi. Amma wuraren aiki ba su bi mutane ba. Ma'aikatun gwamnati, bankuna, manyan ofisoshi, babban asibiti, Babbar Kasuwa da Katako, yawancinsu suna nan tsakiyar gari da Plateau inda suke tun da. To da safe gari duka ya kwararo wuri guda, da yamma ya watse lokaci guda.

Sai kuma kogi. Shekara 40 cur gada guda ce ke haɗa Harobanda, wato ɓangaren gari na ƙetaren kogi, da sauran gari, gadar Kennedy da aka buɗe a 1970. Ta biyu, wadda ƴan Sin suka gina, sai a 2011 ta zo, ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché a 2021. An samu sauƙi sosai ba a musu, amma har yanzu wadda ta fi kusa da tsakiyar gari da jami'ar Abdou Moumouni ita ce tsohuwar, kuma ƙunci gare ta. Ka tsaya bakinta wajen ƙarfe 7 da rabi na safe ka gani, ɗalibai a ƙasa, masu moto suna kutsawa ta kowace kafa, mai keke da lodin ganye daga garake, taksi ya tsaya ɗaukar mutum daidai inda bai kamata ba, in aka yi rashin sa'a mota guda ta mutu a tsakiya to kowa ya makara ranar.

An yi gadojin sama, na Mali Béro a 2013, na shataletalen Martyrs a 2016, na Diori Hamani a 2018, an kuma yi babbar hanyar filin jirgi saboda taron Tarayyar Afirka na 2019. Sun taimaka a inda suke. Amma gadar sama tana warware mahaɗa guda ce, motocin suna sauka su sake taruwa a ta gaba, kuma ba ta yi wa wanda ba ya da mota komai ba. Babban giɓin shi ne sufurin jama'a. Bas-bas na cikin gari ba su da yawa, abin da talaka ya dogara da shi faba-faba ne, wato ƙananan bas na haya, da taksi da kabu-kabu a unguwannin gefe, faba-faba kuwa sai ta cika take tashi, ba ta da ƙarfe kaza. Don haka duk wanda ya samu ɗan hali sai ya sayi moto, wanda ya fi shi ya sayi tsohuwar mota, hanya ta ƙara cika.

Damina kuma nata daban. Unguwannin da ba gudro ba magudanar ruwa, ruwan dare guda ya isa ya mayar da tafiyar minti 25 ta koma awa. Mutanen Lamordé da Karadjé ba su manta ambaliyar 2020 ba, kuma a watan Agustan 2024 ruwa ya yanke manyan hanyoyin fita daga Yamai na wasu kwanaki, wanda ke kwana wajen gari yana aiki ciki ya ga abin da ake nufi.

Lissafin da ba a cika yi ba

Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta sa awa 40 ne aikin mako. Yanzu ɗauki wanda ke yin awa 1 zuwa, awa 1 dawowa, kwana 22 a wata. Awa 44 ke nan. Wato kowane wata yana ba hanya fiye da mako guda na aiki, ba wanda ke biyansa ko dala. Mai minti 30 awa 22 yake bayarwa, mai minti 15 kuma awa 11.

Kuɗi kuma fa. A watan Yulin 2024 gwamnati ta rage litar esans daga 540 zuwa 499 na sefa. Mu ɗauki misali, mota tana shan lita 10 a kilomita 100, wanda ba abin mamaki ba ne ga tsofaffin motocinmu cikin cunkoso, gida kuma kilomita 15 daga buro. Zuwa da dawowa kilomita 30, lita 3, kusan 1.500 a rana, jika 33 a wata. Wannan esans kaɗai ne, ba bidanj, ba taya, ba kuɗin makanike da hanyar laterit ke jawowa, ba zuwa suna ko gaisuwar rasuwa. A moto abin ya yi sauƙi sosai ta fuskar mai, shi ya sa ta cika gari, amma jiki ne ke biyan sauran.

Mai shiga taksi kuma, an daɗe da sanin dala arba'in ce kurs guda, 200 ke nan, amma wurin da ya yi nisa kurs biyu ne ko fiye. Ko a wannan tsohon farashi, kurs biyu zuwa kurs biyu dawowa 800 ne a rana, 17.600 a kwana 22. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda da shi tun Janairun 2024 jika 42 ne. Ka ga mai gadi ko mai shara ko yarinyar da ke aiki a kanti, in gidansu na bayan gari, kusan rabin abin da suka samu zai iya tafiya a hanya, shi ya sa da yawansu ke takawa da ƙafa rabin tafiyar, lokacin ya ƙara tsawo. Wannan ne ya fi ci mini rai a maganar, waɗanda suka fi kowa nisa su ne suka fi kowa rashin abin hawa.

Don haka in an ce maka ga gida can haya jika 25 ƙasa da na nan, kar ka yi saurin murna, cire kuɗin hanyarka, da na maiɗakinka in tana aiki ko kasuwanci, da na yara zuwa lekol, ka ga abin da ya rage. Sau da yawa babu abin da ke ragewa.

Hujjar masu cewa a yi haƙuri da nisa

Ba za a ce ba su da gaskiya ba. Wanda ya sha zaman haya, mai gida ya ƙara kuɗi yadda ya ga dama ko ya ce ɗansa zai yi aure a tashi ƙarshen wata, shi ya san daɗin kwana a ɗakin da yake nasa ko da ƙarshen gari ne. Kuɗin haya tafiya yake ba ya dawowa, bulo kuwa in ka ɗora ya zauna, kuma unguwannin da ake kira daji shekaru 20 da suka wuce yau cikin gari suke, gudro da kuran da pampo sun iske su. Akwai kuma wanda ba zaɓi ya yi ba, gidan gado ne, ko tsofaffi yake kula da su, ko malamin makaranta ne ko ma'aikaciyar jinya da aka tura wani ƙauye kusa da gari kuma ba zai yiwu a kwashe iyali ba. Aiki kuma wuyar samu gare shi, ba wanda zai ajiye takardar ɗaukar aiki don hanya ta yi nisa.

Na yarda da duk wannan. Inda na rabu da su shi ne cewar "jiki zai saba". Hanya ake sabawa da ita, a san ramukanta da inda ƴan sanda ke tsayawa, amma barcin da aka rage ba ya dawowa don an saba. Kuma yawanci maigida ne ke yanke shawarar tarewa da lissafin tafiyarsa shi kaɗai, alhali matar da za ta tashi kafin kiran asuba ta ɗora abin kari, ta shirya yara, ta yi tafiyar nan, ta dawo bayan magariba ta sake hura wuta, awa 1 ɗinta ta fi tasa nauyi nesa ba kusa ba. Yara ma haka, yaron firamare da ake tasa ƙarfe 5 da rabi don a wuce kafin cunkoso, a aji barci zai yi.

Su ma masu ba da aiki suna da tasu magana, su dai sun ce ƙarfe 8, inda kake kwana ba ruwansu. Amma ma'aikacin da ya iso a gajiye rabin ƙarfinsa suke samu, kuma tun kafin lokacin tashi hankalinsa na kan yadda zai tsere wa cunkoson yamma.

Lafiya da hatsari

Doguwar tafiya kullum tana cin barci, tana kawo ciwon baya da wuya musamman ga mai moto a hanyar da ba ta da kyau, tana sa mutum cin abincin titi a tsaye, tana kuma sa saurin fushi, wanda iyali ne ke karɓarsa da dare. Amma mafi muni hatsari ne. Duk mintin da aka ƙara a kan moto cikin cunkoso ƙarin kasada ne, kuma wanda ya makara shi ke gudu, wanda ya gaji shi ke kuskure. A watan azumi kowa ya san yadda hanya ke zama daf da shan ruwa. Hular kwano dai a sa ta, ko da zafi.

Wani abu da ma'aikata da yawa ba su sani ba, ga wanda aka yi wa rajista a CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, hatsarin da ya same shi a kan hanyarsa ta zuwa aiki ko dawowa gida ana lissafa shi cikin hatsarin aiki, muddin bai karkata zuwa wata sabgarsa ta daban ba. Sai dai dole a sanar da wurin aiki da wuri, a kuma samu takardar ƴan sanda da ta likita.

To nawa ne daidai?

Ga nawa ra'ayin, daga ƙofa zuwa ƙofa, a ranar aiki ta sosai. Minti 30 ko ƙasa da haka, wannan lafiya lau, mutum zai iya yin shekaru a kai. Tsakanin minti 30 da 45 ana iya ɗauka, in kuɗin hanyar bai danne albashi ba kuma tafiya biyu ce a rana ba huɗu ba. Daga 45 zuwa awa 1 an shiga wurin da sai da dalili mai ƙarfi, kamar gidan kanka ne ko aikin ya fi wanda za ka samu kusa da gida sosai, kuma ga mai moto ni ina ganin minti 45 ɗin ma ita ce iyaka. Abin da ya wuce awa 1 zuwa kaɗai, kullum, bai kamata ya zama tsarin rayuwa ba. Ana iya yinsa na wani lokaci, shekara guda kafin a gama gini, ko kafin canjin wurin aiki ya fito, amma a san ranar da zai ƙare.

Ta gefen kuɗi kuma, in hanya na cin fiye da kashi 1 cikin 5 na abin da kake samu a wata, to ko minti 20 ce tafiyar ta yi tsada. Sannan akwai abin da agogo ba ya nunawa, tafiyar minti 40 da kullum minti 40 ce ta fi sauƙin ɗauka a kan wadda yau 25 gobe awa 1, don ita ta biyun kullum sai ka fito da lissafin mafi muni.

Abin da za a iya ragewa

Kafin ka biya kuɗin parsel ko ka ba da abans na haya, je ka yi tafiyar da kanka ranar Litinin ƙarfe 7 na safe, da irin abin hawan da za ka riƙa amfani da shi, ka sake yi da yamma lokacin tashi daga aiki, ka kuma tambayi maƙwabtan wurin yadda hanyar take a watan Agusta. Nemi makarantar yara kusa da gida ko a kan hanyar aikinka, don ratsen lekol shi ke ninka tafiyar mutane da yawa. Ƴan unguwa ɗaya masu aiki gefe ɗaya su haɗa kuɗin esans su shiga mota guda, ana yi kuma yana aiki in an tsayar da lokaci. Fitowa minti 20 kafin cunkoso kan rage lokacin da ake ɓatawa a hanya.

Sauran kuma ya fi ƙarfin mutum ɗaya. In za a yanka sabon lotisma, hanya da layin bas da makaranta da asibiti ya kamata su riga mutane isa, ba su biyo baya da shekara 10 ba. Gari na da gundumomi 5, babu dalilin da zai sa kowace takarda sai an zo tsakiyar gari, a kai wasu ofisoshin Harobanda da gefen filin jirgi da arewacin gari. Wuraren aikin da ke da ma'aikata da yawa su sa motar ɗaukar ma'aikata, waɗanda aikinsu ba na karɓar jama'a ba ne a bar wasu su fara ƙarfe 7 wasu ƙarfe 9, makarantu da ofisoshi su daina buɗewa kusan lokaci guda. Wannan na ƙarshen ko sisi ba ya ci, takarda ce kawai za a sa wa hannu.